Shekarar da Na Janye Kwanona Daga Ciyayya

A layinmu, da an sallame sallar magariba sai a shimfiɗa tabarmi biyu a gindin dogonyaron ƙofar gidanmu, kowane magidanci ya shiga gida ya fito da kwanon tuwonsa, a haɗu a ci tare. Ciyayya ke nan. Na tashi na tarar ana yin ta, kuma da mahaifina ya rasu na gaji gurbinsa a kan tabarmar kamar yadda na gaji shagonsa na wake da gero a bakin kasuwar Illela. Mu biyar ne a zamanin da nake ba da labari: ni, da wani mai fataucin shanu da ba ya cika mako biyu a gari, da tela, da ladanin masallacinmu, sai wani dattijo aminin mahaifina da muke ce wa Baba na Garu, don daga can ya taso.

Ciyayya tana da ƙa'idar da ban taɓa jin an faɗa da baki ba. Ba a kallon abin da wani ya kawo, kuma da kwanon babba ake farawa. Kwanon Baba ƙarami ne, malmala ɗaya ta tuwon dawa da miyar kuka tsululu. Idonsa ya yi rauni har ya bar gona, ɗansa guda ya haye arewa neman kuɗi tun da daɗewa, sai dai a ji labarinsa a bakin direbobi. Daga shi sai tsohuwarsa, Inna. Kowa zai gutsuri loma ɗaya daga kwanon nan, tela ya ce miyar Inna sai Inna, sannan a buɗe sauran. Nawa da na mai shanu su ne masu nauyi: tuwon shinkafa, miyar taushe, nama, man shanu yana kwance a kai. A nan Baba yake cin abincinsa na yini, a hankali, yana ba mu labarin zamanin da suke kora jakuna zuwa garin Tawa shi da mahaifina. Na san da haka sarai. Sani ne dai irin wanda mutum bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kansa ba.

Ni kuma Allah ya yi ni da jiki mai karɓar abinci. Abin da wani zai ci ya bi ruwa, ni a wuya da tumbi yake sauka. Har ta kai 'yan kabu-kabu in sun hango ni tafe sai kowa ya duƙufa duba tayarsa. Wani ya taɓa ce mini ƙiri-ƙiri babur ɗinsa sabo ne, in yi haƙuri. Na yi masa tatas, amma da ƙafa na ƙarasa shago, ina haki. Daga baya gwiwa ta fara ƙara in na tashi daga sujada, ƙeya ta riƙa sara mini da rana. Uwargida ta matsa har na je asibiti.

Ma'aikaciyar da ta duba ni mace ce mai kaifin baki. Ta auna jinina, ta ɗora ni a sikeli, ta dube ni ta saman tabarau.

"Alhaji, wanga jiki sai an rage shi. Jininka ya hau."

Ta lissafo mini: in rage mai da gishiri, in bar lemon kwalba, in yawaita ganye, in riƙa takawa da ƙafa. Ina ta gyaɗa kai, amma hankalina yana wuri ɗaya.

"To burodi da ƙwai na mai shayi hwa?" na tambaye ta.

Sai na yi bayanin wannan burodi, in ba haka ba ba za a gane haukata ba. Dogon burodin Ƙonni ne, mai ɓawo, wanda ake tsallako iyaka da shi kowace safiya a ɗaure a bayan babur. Akwai mai shayi a bakin tasha da ke tsaga shi gida biyu, ya soya ƙwai da albasa da attarugu cikin mai male-male, ya shafe cikin burodin da mayonis, ya juye ƙwan, in an yi sa'a mai tsire yana kusa a cusa tsinke biyu. Kafin ka gama gyara zama an miƙo maka. A kora da lemo mai sanyi. Shekara da shekaru, kullum bayan azahar, can ake samuna. Ina son matata, ina son girkinta, amma wannan abu wata ƙauna ce daban.

Ma'aikaciyar ta yi ɗan murmushi.

"Ba haram ba na. Jehi-jehi, ka ci rabi, ba mayonis, ba lemo. Ran da ka ci shi kuma ka sassauta da dare. Amma ba kullum ba, Alhaji. Ka ji na ce ba kullum ba."

Na ji. Sai dai kafin in iso gida maganarta ta zube a hanya, saura guda biyu a hannuna: ba haram ba ne, da kuma a sassauta da dare.

Don kada in zalunci kaina, na gwada bari. Kwana huɗu na yi ina zagaye tasha ta bayan kasuwar albasa don kada ƙamshin ya same ni. A na biyar sai ga ni a kan bencin, mai shayi yana tambayata ko tafiya na yi. A ranakun ne na fara kallon masu bayanin rage ƙiba a waya. Da yawansu magana ɗaya suke yi, wai abin dubawa shi ne jimillar abin da ya shiga cikinka a yini, ko abincin kan titi ne kana iya ci in dai ka rage a wani wuri. Wannan fatawa ta yi mini daɗi. Na dubi yinina kamar yadda nake duban mota in lodi ya yi mata yawa, ina neman buhun da za a sauke. Kokon safe ba shi da nauyi. Burodi ba ya taɓuwa. Saura tuwon dare.

Na samu uwargida tana tsince shinkafa na ce mata daga yau ba ni cin tuwo da dare, kuma ba na son a riƙa ɗora miya mai ƙamshi da yamma, don in na ji ba zan iya haƙuri ba. Ita da yara su ci mai nauyi da rana, da dare a yi kwaɗon zogale ko fate.

"To kwanon ƙohwar gida hwa?" ta ce.

"An daina."

"Alhaji, a hitar da abin da munka samu mana, ko kwaɗon na. Baba shina wurin."

Nan na hau ta da faɗa. Na ce gidan da aka san shi da tuwon shinkafa tun zamanin mahaifina ba za a fita da ganye da sunansa ba, a yi da ni a gari a ce Alhaji ya karye. Na ce kowa da gidansa, ba ni na ɗauki nauyin layi ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Na daɗe ina jin nauyin wannan magana ta ƙarshe, don ban faɗe ta cikin rashin sani ba.

Da magariba na fita hannu rabbana. Na zauna a bakin tabarma na sassauta murya irin ta marar lafiya, na ce likita ta hana ni cin komai bayan la'asar, kuma zama ina kallo zai wahalar da ni, su yafe mini. Ba ta hana ni ba. Na faɗa ne don na san da na ce ragewa kawai zan yi, Baba zai riƙa turo mini nama gabana yana cewa ci mana, kuma zan ci. Tela ya yi tsokana, ya ce to Allah ya taimaki yadi. Baba kuwa ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Lahiya ta hi tuwo, ɗana. Ka bi abin da anka ce maka. Allah shi ba ka lahiya."

Ya yi mini doguwar addu'a, suka shafa, ni ma na shafa.

Bayan babbar salla ne wannan, ana shirin shiga damina, lokacin da rumbun talaka yake kaiwa ƙasa. Ni mai sayar da hatsi na fi kowa sanin haka. Makonnin farko ina jiyo su daga cikin gida, ana hira ana dariya. Sai mai shanu ya yi lodin kudu, tafiyar ta yi masa tsawo. Aka bar kwano uku marasa nauyi a kan tabarma. Tela yana da 'ya'ya takwas, ladan kuwa abin da jama'a suka ba shi ne abincinsa. Ban san ranar da aka daina ba. Na dai lura wata rana na dawo daga masallaci babu tabarma a gindin bishiyar, awaki ne kwance a wurin. Na tambayi ladan, ya ce Baba ya ce sanyin damina yana taɓa masa ƙafa, su kuma biyu sun ga abin ba armashi. Na ce Allah ya sawwaƙe, na shige gida.

Kuma na rame, wannan gaskiya ce. Ba sosai ba, amma mazagin wandona ya ƙara tsawo, wuyan riga ya saki. Da yamma yunwa takan sa ni zama kamar kunama, yara suna ganina su watse, ciwon ƙeyar ma bai tafi duka ba. Ban damu ba tunda ana yaba mini. Na zama malamin rage ƙiba a bakin kasuwa. Duk mai tumbin da ya zo sayen wake sai na zaunar da shi na yi masa karatu, cewa ba sai ka bar abin da kake so ba, dabara ce kawai, ga ni nan kullum ina cin burodina da ƙwai kuma ina zubewa. A kasuwa nake wannan baki. A layinmu kuwa ni ne bawan Allah mai jinya, wanda likita ta ɗora wa doka.

Wata Talata, wajen wata huɗu da farawa, ina kan bencin mai shayi, burodi a hannu biyu, mai yana gangarowa har tsintsiyar hannuna, sai na hango Baba yana ratso motocin tasha da sandarsa, da ƙullin leda a ɗaya hannun. Daga layinmu zuwa tasha tafiya ce ko ga mai ido. Ashe shago ya fara zuwa, maƙwabcina ya nuna masa inda nake. Abin da na yi shi ne na ajiye burodin a faranti na tura shi gaban wani direba da ke zaune kusa da ni, na goge baki da hannun riga. Ni da nake da 'ya a gidan aure a lokacin.

Sai da ya zo dab da ni ya gane ni. Muna cikin gaisawa mai shayi ya juyo da cokali a hannu, da zuciya ɗaya, ya ce, "Alhaji, a ƙara maka mayonis kamar kullum?"

Direban ya turo mini farantina ya ce ga abincinka. Na rasa inda zan sa fuskata. Da ƙyar na ce, "Baba, bismilla."

"Alhamdu lillahi, azumi nika yi," ya ce.

A nan na dube shi da kyau, karo na farko cikin watanni, alhali kullum muna sahu ɗaya a masallaci. Hularsa ta sauko har kan kunnuwa. Wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako a cikin wuyan riga. Ya miƙo mini ledar, ya ce sassaƙe ne da ganye ya sa aka kawo masa daga Garu, maganin hawan jini, a jiƙa a sha da safe, amma in fara nuna wa likitar kada ya yi faɗa da nata. Na ce bari in tsayar masa da babur, ya ce a'a, tafiyar tana warware masa ƙafa. Ya juya ya tafi. Na zauna ina kallon bayansa har ya shige tsakanin motoci. Sannan na cinye burodin. Wannan ma sai na faɗa, don haka aka yi.

Da na koma gida na ce wa uwargida na ga Baba ya lalace, ko ciwo yake yi. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Sai yau ka gane shi?"

Ta ce tun da aka naɗe tabarma take miƙa kwano ta kan katanga, don gidajenmu a jingine suke. Inna tana karɓa ta ci kaɗan, shi kuwa ko kallon kwanon ba ya yi. Yau ya ce azumi, gobe ya ce ya ƙoshi. Da Inna ta matsa masa sai ya ce bai kai ga karɓar sadaka daga gidan ɗan amininsa ba tukuna.

"A tabarma shi ma da kwano nai yaka hitowa, kowa ya ci nashi," in ji ta. "Wanga kau ba shi akai. Ba ɗaya ba na, Alhaji, kai ma ka sani."

Na ce me ya hana ta gaya mini. Ta ce ta faɗa ranar farko na ce kowa da gidansa, ta sake ɗauko zancen sau biyu na ce ta bar ni da yunwata. Ban tuna ba, amma na san halina, ba ƙarya ta yi mini ba. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Kunyar da na ji a tasha ta wanda aka kama da abinci a hannu ce, irin wadda ake dariyarta bayan shekara. Wannan ta biyu ba ta da abin dariya. Wata huɗu ina fahariyar na samar wa burodi wuri a cikin abincina, ashe daga abincin tsoho na yanko wurin.

Yau in aka tambaye ni ko mai son rage jiki zai iya cin abincin mai shayi, cewa nake ya iya, yadda matar nan ta faɗa mini tun farko: jefi-jefi, rabi, ba lemo. Haka nake yi yanzu, jikin yana sauka a hankali, jinin ma ya fi kwanciya fiye da lokacin da nake kwana da yunwa. Amma ba na tsawaita bayani, don bakina ya mutu a wannan fanni.

Washegarin haɗuwarmu a tasha na sa aka yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Da kaina na kori awaki na share gindin bishiyar na shimfiɗa tabarmi. Tela da ladan suka ji daɗi, kowa ya shiga ya fito da nasa. Baba kuwa daga masallaci gida ya wuce. Muka jira, bai fito ba. Na tashi na je na yi sallama a zaurensa, ya fito yana laluben bango.

"Baba, mun shimhiɗa tabarma. Kai muka jira."

"Da kai ciki?"

"Da ni."

"A'a. Likita ta hana ka. In ka ci don ni ka kwanta, mi za ni ce ma ubanka in mun haɗu?"

Na so in ce likitar ta sassauta. Ƙaryar tana kan harshena a shirye, kuma da ta wuce lafiya. Na durƙusa dai a gabansa, gwiwar tana ƙara, na ce, "Baba, ba ta hana ni ba. Ragewa ta ce in yi. Ni na zaɓi burodin tasha na bar tabarma, na yi muku ƙarya. Ka yahe mani."

Ya lalubo kafaɗata ya dafa.

"Na sani," ya ce. "Ba jiya na sani ba. Kullum la'asar kahwaɗarka tana jikin tawa a sahu. Idona na ya mutu, hancina lahiya lau yake. Ƙamshin ƙwai da albasa nika ji a rigarka tun makon hwarko."

"Kuma kaka yi mani addu'a."

"To ciwon ai gaskiya na. Tashi, ƙasa da sanyi. Kuma kada ka hwaɗa ma su tela. Ka ce likita ta sassauta maka, ya isa."

Ya ce in je, zai ɗauko kwanonsa. Na koma na zauna. Muka daɗe muna jira, tuwo yana hucewa, tela yana ta zuba labari don ya cike shirun. Ta kan katanga ina jiyo Inna tana hura wuta, sannan na ji ƙarar cokali yana kankare gindin tukunya. Ba wanda ya dubi wani a cikinmu. Can sai ga shi ya fito da ƙaramin kwanon a hannu biyu, ɗumamen tuwon jiya ne da bai rufe gindin kwanon ba. Da shi muka fara. Kowa ya gutsuri ɗan kaɗan don ya kai ga na kusa da shi, tela ya yabi miyar.

Sannan na buɗe namu na tura gabansa, na juya wajen naman ya fuskance shi. Ya yi bismilla ya kai loma ɗaya, ya daɗe yana taunawa. Ya kai ta biyu, ya kai ta uku. Sai ya jawo butar wanke hannu.

"Baba, ci mana. Ko miyar ba ta yi ba?"

"Ta yi ƙwarai, a gaida uwargida da aiki," ya ce. "Cikin na ba ya karɓa kamar da. Ya saba da kaɗan. Ku ci, ina nan zaune."

Ya jingina da bishiyar ya ɗora hannuwansa a kan sanda. Ladan da tela suka ci gaba da ci a hankali. Ni ma na sa hannu a kwanon, don in na tsame zai ce saboda shi ne, na yi ta cusa tuwon har aka kira isha'i.